Kati a Cikin Langa

Duk wanda ya sake kiran mijina "Irmiya Mai Kati" a gabana, to ya shirya jin abin da bai taɓa ji ba. Na gaji. Jiya-jiyan nan a bakin majami'a wata mata ta riƙe hannuna tana washe baki, tana cewa, "Ayya, ke ce matar Mai Kati? Ai a zamaninmu ba a rawa a Bauchi sai da shi!" Ku ji fa. Ba a rawa sai da shi! Mutumin da ko gangar biki aka matso da ita kusa sai kansa ya yi ciwo. Na fizge hannuna na wuce, don da na buɗe baki a wurin, sai fasto ya zo rabon faɗa. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi ko wane ne Irmiya, ni Liatu da na yi shekara goma sha bakwai a ɗakinsa, ba masu hangensa a bakin ƙofar kulob ba.

Mutumin ƙasar Bogoro ne, ni ma haka. A makarantar mishan ya yi karatu, a can ya koyi buga tafireta har ya zama ba ya duban yatsunsa in yana bugawa. A shekarar 1949 ya sami aiki a Bauchi, a wani kamfani mai sayen gyaɗa da auduga da fatu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ya daɗe da rushewa, kuma ban yi masa kuka ba. Suka ba mu gida a bayan sito, kusa da hanyar da ke shiga Ƙofar Wambai. Wai gida! Ɗaki biyu ne da madafa, rufi na yoyo, awakin unguwa sun mai da tsakar gidan wurin kwanansu. Na tsaya da 'yarmu Roda a goye na ce, "Baban Roda, nan za mu zauna?" Ya zagaya sau ɗaya, hannuwa a baya, ya nuna wani lungu ya ce, "Nan za a dasa lemo."

Ya kuwa dasa, lemon tsami, tun kafin ya toshe yoyon. Daga nan ya bi gidan nan kamar mai ɗinkin hula, kaɗan-kaɗan, kullum da yamma. Ya yi daɓe. Ya gina dakali a gindin lemon. Ya roƙi katakon akwatunan kaya da guntun tamfol a sito ya haɗa wa kansa kujerar kishingiɗa, wata irin kujera da in baƙo ya zauna sai ta nemi kayar da shi, shi kaɗai ya san kanta. Ya yi shekara biyu yana tarin kuɗi ya sayi akwatin rediyo mai batir, ya kafa masa kanta a bango, ya sa na ɗinka masa mayafi.

In aka tashi daga ofis ƙarfe biyar, biyar da kwata kekensa na jingine a bangonmu. Ya wanke ƙafa, ya cire kayan aiki ya sa wata tsohuwar riga da na yi ta barazanar zan ƙone, ya ba shuke-shukensa ruwa. Sai shayi. Shi yake haɗa abinsa, ya tsinko lemo ɗaya ya matsa, ya kishingiɗa ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne za ka san ana magana. Roda na kan tabarma da allonta, ni ina tsince wake ko ina ƙulla daddawa. Ƙarfe takwas ya sa sakata. Shi ke nan, duniya ta tsaya a waje.

Kada wani ya ce ba ya fita. Yana fita, sai dai fitarsa da rana ce, kuma inda ba a ihu. Ran Asabar da la'asar yana ɗakin karatu na gari yana duba jaridu. Ran Lahadi in an taso daga sujada sai ya kwashe mu, mu bi gefen ganuwa yana nuna wa Roda inda kowace ƙofa take da dalilin sunanta. Mu tsaya a karofi ya kalli masu rini, mu leƙa wurin masaƙa. Ƙarshenta kullum a rumfar Malam Ladan muke yada zango, wani baduku a Ƙofar Wambai, dattijo mai yin gafaka da linzami. Shi Musulmi, mu Kirista, amma ban taɓa jin sun yi musu ba sai a kan dara. Irmiya zai zauna awa guda yana kallon yadda ake zanen fata. In an yi sa'a wani mai molo ya biyo, sai ya lumshe ido har a gama.

Ni fa a lokacin abin haushi yake ba ni, ba zan ɓoye ba. Yarinya ce ni, jinina na tafasa. Nakan ce, "Baban Roda, ganuwar nan fa ba ta ƙara tsawo ba tun makon jiya." Ya yi murmushi ya ce, "Ba ki duba da kyau ba ne."

Abin da ke cina shi ne kulob. Akawuna da malaman asibiti da 'yan sito suna da wani kulob a bayan gari, duk daren Asabar a kunna garmaho, wani lokaci a ɗauko makaɗa daga Jos, a yi ta rawa da shaye-shaye har zakara ya yi cara. Matansu su zo majami'a da safe ido jawur suna ba mu labari, wance ta sa kaza, wane ya taka kaza. Irmiya sau ɗaya ya taɓa zuwa, a 1952, don an matsa masa. Kafin goma ya dawo yana dafe da kai. Ya ce, "Maman Roda, mutum ɗari a ɗaki ɗaya, kowa na magana, ba mai jin kowa. Me na yi musu?" Bai sake komawa ba, Baturen da ke manaja a lokacin kuma bai taɓa damuwa ba, tunda takardunsa na fita ba kuskure.

Yanzu bari in zo kan Elias, ko da yake sunan ma ɗaci yake mini a baki.

Elias ɗan ƙasarmu ne, ƙauyensu na jin kukan zakaran ƙauyenmu. A 1953 ya zo Bauchi da ɗan akwatinsa na kwano, aka ɗauke shi ƙaramin akawu a kamfanin. Ba shi da kowa a gari. Wata takwas yana cin tuwo a gidana, a kan dakalin nan, yana suɗe hannu yana cewa, "Yaya Liatu, miyarki ta fi ta kowa." Irmiya ne ya koya masa yadda ake tsara wasiƙa. Da uwarsa ta zo ganinsa na aika mata da gwate a kwano, ta mayar mini da kwanon da ƙullin barkono a ciki. Haka ake yi a wurinmu, haka ake yi a cikin garin Bauchi ma. In an aiko maka da abu daga wani gida, ba ka mayar da mazubin wayam, ko gyaɗa ce ka ɗan zuba. Mayar da shi wayam kamar ka ce ba ka son hulɗa da gidan ne. Elias da wannan aka yaye shi. Ku riƙe wannan da kyau.

Yana da kai, ban hana shi ba. Kamfani ya tura shi Ikko, wato Legas, daga can ya yi shekara guda a Ingila. Ya dawo a 1959 da taye da lofe, Hausar ma ta hanci take fita. Da aka ce Turawa za su miƙa mulki, kamfani ya ga ya kamata a ga baƙin mutum a kujerar manaja, aka ba Elias. Ranar Irmiya har kaza ya sa na yanka. Ya ce, "Namu ya samu." Namu! Ranar farko da ya hau kujerar, "Yaya Irmiya" ya koma "Irmiya" tsurarsa.

Ana saura kwana goma a sami 'yancin kai, masinja ya kawo mana kati. Ban taɓa ganin takarda irinta ba, fara fat, mai kauri, an zagaye bakinta da ruwan zinariya. Manaja Elias na gayyatar Irmiya da matarsa rawar murnar 'yanci a kulob, ran Asabar ɗaya ga Oktoba, daga ƙarfe tara har wayewar gari. Na ce yau dai ba makawa, manaja da kansa ya kira.

Irmiya ya jingina katin a jikin rediyo ya yi kwana uku yana kallonsa. Ya riga ya tsara ranarsa tun tuni: sujadar godiya da safe, a kalli 'yan makaranta da tutocinsu, Roda na cikinsu, da la'asar a je nunin kayan sana'a inda Malam Ladan zai baje aikinsa, da dare a ji sauran a rediyo. A rana ta uku ya ce, "Maman Roda, ba zan iya ba. Amma dubi katin nan. A Ikko aka buga shi, an kashe masa dukiya. In ya zauna a nan ya lalace a banza, ga mutane da yawa suna so ba su samu ba. Gara in mayar masa da hannuna, in yi godiya, ya ba wani."

Na yi fushi, na yi ƙunƙuni, amma ko a raina ban ga laifin mayarwar ba. Abin da na ce kawai shi ne, "To ai ba ka mayar da shi haka nan ba, kamar marasa tarbiyya." Ni na ce. Ni na ɗauko langata, sabuwa, fara mai jan baki, marfinta da ɗan tabo inda ya taɓa faɗuwa. Ni na wanke ta da toka. Na jera ƙwan zabi shida, ya tsinko lemo goma sha biyu mafiya kyau, muka naɗe katin a farin hankici muka ɗora a sama. Na ɗaure masa langar a bayan keke, har ina ce masa ya bi a hankali saboda ƙwai.

Ya tarar da baƙi a barandar manaja, Turawa biyu da wasu manyan akawuna, ana shan abin sha. Shi bai gaya mini duka ba, kukun gidan ne ya ƙarasa mini a kasuwa. Irmiya ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙa langa da hannu biyu. Elias ya buɗe a gabansu. Ɗaya Baturen ya leƙa, ya ga kati a kan ƙwai, ya tambayi ko mene ne, da aka gaya masa ya ƙyalƙyale da dariya har yana tari. Sauran suka taya shi. A wurin Turawa, wai, mayar wa mutum katinsa cin fuska ne. To su Turawa ne, me suka sani? Amma Elias fa? Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ce musu haka muke girmama mutum a wurinmu, shi ke nan magana ta mutu. Bai ce ba. Kunya ta kama shi a ga daga inda ya fito. Ya rufe langar ya ce da Turanci, a gaban kowa, "Ka mayar mini da katina? Za mu gani." Ko ruwa ba a ba Irmiya ba.

Ranar 'yanci muka yi ta yadda ya tsara, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi daɗi. Roda ta dawo da 'yar tutarta da kofin da aka raba musu. Gafakar Malam Ladan ta ci yabo, ya rasa inda zai sa kansa. Da dare muna jiyo kiɗan kulob daga nesa, Irmiya na kishingiɗe da shayinsa, ya ce, "Kin ji? Daga nan ya fi daɗi."

Bayan mako biyu Elias ya kira shi ofis ya ba shi rubutun hannu ya ce ya buga. Irmiya ya sa takarda a tafireta ya fara, sai a layi na biyu ya ga sunansa. An mai da shi wata tashar awon gyaɗa can cikin daji, tafiyar kwana biyu a mota in hanya ta yi kyau, ba makaranta, ba asibiti. Gidan kamfani kuma a bar shi cikin kwana talatin. Da yatsunsa ya buga takardar korarsa daga gidansa! Kuma ya buga ta tsaf, ya kai aka sa hannu, ya ninke ya kawo mini.

Ban ko ɗaura ɗankwali da kyau ba na nufi ofishin. Elias ya bar ni tsaye. Na ce, "Elias, ni ce fa." Ya ce, "Ina jin ki, Madam." Madam! Bakin da ya sha miyata wata takwas. Na haɗiye, na roƙe shi, har gwiwata ta taɓa ƙasa, Allah na gani. Ya daɗe yana wasa da lofensa, sannan ya ce ba shi da riƙo. Ran Asabar akwai rawar sallamar tsohon manaja. In Irmiya ya zo, ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da ya kunyata shi a gabansu, ya nuna shi ma ɗan zamani ne, to za a yaga takardar.

Na dawo gida da murnata, sai na tarar mutumin nawa ya riga ya je wurin Malam Ladan sun gama magana. Malam ya ce masa akwai ɗaki a gidan ɗan'uwansa, ya bar aikin, ya kafa tebur a bakin kasuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa, ba zai kwana da yunwa ba. Irmiya ya ce, "Ko haka, ko mu tafi dajin. A can ma lemo na fitowa."

Nan na tashi masa. Abin da ban taɓa yi ba, ranar na yi, har maƙwabta suka leƙo. Na ce, "Dare ɗaya! Dare ɗaya tak, Baban Roda! Shekara goma sha ɗaya kana gina gidan nan, za ka bar wa awaki saboda ba ka son kiɗa? Makarantar Roda fa? Fanshonka fa? Su waɗanda ke zuwa kulob ɗin mutuwa suke yi? Wannan ba natsuwa ba ce, taurin kai ne, son kai ne!" Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Yana zaune a kujerarsa, shayi na hucewa a hannunsa. Da na gaji na yi shiru, ya dubi lemon, ya dubi ɗakin da Roda ta ɓuya, ya ce, "Ba dare ɗaya ba ne, Maman Roda. Amma goge mini kwat ɗin."

Muka je. Abin da na yi shekaru ina mafarki, na gan shi da idona. Hayaƙin taba kamar an cinna wa bola wuta, warin giya da zufa, ƙaho na huda kunne, wani ya taka mini ƙafa bai ko waiwayo ba. Wannan ne? Wannan ne abin da nake wa mijina gori a kansa? Can aka tsayar da kiɗa. Irmiya ya fito tsakiyar fili cikin kwat ɗin aurenmu da ya matse shi, ya ce ya yi kuskure, Manaja ya yi haƙuri. Aka tafa. Elias ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya yaga takardar kowa na gani. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Sai ya ɗaga hannu, kukunsa ya miƙo wani abu. Langata. Ya ce tunda Irmiya ya fi kowa sanin darajar kati, daga yau kulob ya sami mai tsaron ƙofa, shi zai riƙa karɓar katin shiga, ga ma mazubinsa ya kawo da kansa. Ɗakin ya ɗauki shewa. Har da matan da muke zama benci ɗaya a majami'a.

Daga ranar, duk Asabar ta Allah, Irmiya na bakin ƙofar kulob daga tara har asuba, langa a hannu, in an tashi kukun Elias ya karɓe ta ya ajiye. Shekara huɗu. In ya ce ba shi da lafiya, ran Litinin a tuna masa tashar daji na nan ba ta cika ba. Masu shiga su jefa kati su ce, "Mai Kati, yaya dare?" Masu fita su yi masa amai a takalmi. Ga inda sunan ya fito, ku da kuke faɗinsa kamar wata sarauta.

Gidan dai mun riƙe shi, Roda ta ci gaba da makaranta. Abin da na roƙa na samu. Amma ran Asabar da la'asar ba ɗakin karatu, barci yake don ya iya tsayuwa. Ran Lahadi yana gyangyaɗi a majami'a, yara na nuna shi, in mun dawo ya faɗi kamar buhu. Ganuwa ta daina ganinmu. Malam Ladan ya yi ta aike, daga baya shi ya riƙa takowa da sandarsa, ya zauna a dakali ya jira, wani lokaci ya tafi ba su gaisa ba. Batirin rediyo ya mutu, na ce a sayo, ya ce, "Bari dai, kunnena ya ƙoshi." Sauran ranakun ma da yake gida, yana kishingiɗe ne kawai, ana isa Laraba ka ga ya fara duban kwat ɗin a jikin ƙusa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai taɓa cewa ke kika jawo ba. Ko sau ɗaya. Da ya zage ni, da na rama, da na huce. Sai dai ya dawo da asuba, ya ƙwanƙwasa a hankali don kada Roda ta farka, ya ce, "Sannu, na tashe ki." Ina jin haushin Elias, ina jin haushin garin nan da ya tafa, ina jin haushin Irmiya da ya biye mini, amma wadda na fi jin haushi ita ce mai goge kwat.

A daminar 1964 ƙirji ya kama shi. Likita bai ce ƙofar kulob ce ba, ni ma ban ce ba, na dai san inda ruwa ya yi ta dukansa. Mako uku ya yi a kwance. Ana gobe zai rasu ya sa muka fito da shi kan kujerarsa a gindin lemo, na haɗa masa shayi, ya kurɓa sau biyu ya ce na cika sukari.

Rana ta uku muna zaman makoki, tsakar gida cike da mata, sai ga direban manaja da abu a naɗe cikin tawul. Ya ce Manaja na gaisuwa, ayyuka sun hana shi zuwa. Ya ce kuma kada in damu da maganar gida, ko da yake doka wata guda ta ba matar mamaci, in na je na yi godiya za a duba a bar ni har Roda ta gama makaranta. Na kwance tawul ɗin. Fara mai jan baki, marfi da ɗan tabo. Na buɗe, shinkafa ce da nama har baki, a gefe an ƙulla gyaɗa a 'yar takarda.

Na daɗe ina kallon ƙullin gyaɗar nan. Bai mayar da ita wayam ba. Ashe bai manta ba. Ashe tun ranar da Irmiya ya durƙusa a barandarsa ya san sarai abin da aka kawo masa.

Matan suka fara cewa, "Kai, Manaja ya kyauta." Na tashi na juye shinkafar a gaban kaji. Wata ta riƙe ni tana cewa, "Liatu, gidan fa? Ki tuna da gidan!" Na ce na tuna da shi sau ɗaya, ya ishe ni. Na wanke langar da toka, na goge, na rufe. Ban ba direba ba. Da ƙafata na taka har gidan manaja, da baƙin zanena, rana tsaka.

Yana baranda da baƙi, kamar wancan karon. Da ya gan ni ya miƙe yana gyara taye, ya ce, "Yaya Liatu." Yau kuma na koma Yaya. Ban durƙusa ba. Na miƙa masa langar da hannu ɗaya na ce, "Buɗe." Ya buɗe. Baƙin suka leƙa, ba su ga komai ba, suka dubi juna. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma ba wanda ya buƙaci a yi wa Elias bayani. Ya tsaya riƙe da marfi a hannu ɗaya, langa a ɗaya. Na juya na bar shi a haka.

Kwana talatin cif aka karɓi makulli. Malam Ladan ya turo amalanke, muka koma ɗakin nan na gidan ɗan'uwansa, wanda da can Irmiya ya so mu koma na hana. Na yi ta tuyar ƙosai har Roda ta gama makaranta, ba mu mutu ba. Kujerar na ɗauko ta, rediyon ma. Lemon ne bai ɗauku ba. Ranar da za mu fita ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa dakali, Roda ta ce mu tsinka mu tafi da su. Na ce ta tsinko ɗaya, na shayin yamma.